Rana kyauta ce, dare ake saya: fashin baƙi kan wutar sola a Arewa

Duk wanda ya hau bene a Kano ko Katsina ko Maiduguri a 'yan shekarun nan ya dubi rufin gidaje, zai ga abin da babu shi shekara goma da suka wuce. Farantan sola ne baƙaƙe a jere a kan kwanon gidaje, da shagunan cajin waya, da masallatai, da tankunan rijiyoyin burtsatse, har da rumfar mai sayar da ruwan sanyi a bakin titi. A tarukan masana ana kiran wannan makamashi mai tsafta, ana kuma danganta shi da yaƙi da ɗumamar yanayi. Amma idan aka tambayi maigidan da ya haɗa wa gidansa, da wuya ya ambaci ɗumamar yanayi. Zai ce fetur ya fi ƙarfinsa, wutar NEPA kuma ba a san ranar zuwanta ba. Wannan dalili nasa shi ne yake yanke hukunci a kan irin kayan da ake saya, da yadda ake haɗa su, da kuma inda suke ƙarewa idan sun mutu, don haka daga nan ya kamata a fara.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ƙaramin janaretan da tela da mai aski da magidanci suka dogara da shi tsawon shekaru sai ya koma kayan ado a bayan ƙofa. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawan awanni a yini, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, wato yunit ɗaya na mita, kodayake daga baya an ɗan rage. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ake ratse ta kansa shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A daidai wannan lokaci farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a cikin shekara goma, saboda yawan da masana'antun ƙasar Sin suke fitarwa, su da ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya. Karyewar naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a kan dala ta kai wajen 1,500 a farkon 2024, ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi, amma ba ta cinye shi duka ba.

Sola ta gida tana da sassa huɗu. Akwai farantin da ke mayar da hasken rana wuta, akwai na'urar da ke daidaita cajin, akwai batirin da ke ajiye wutar, sannan akwai inbata wadda ke juya wutar batir zuwa irin wadda firiji da talabijin suka saba da ita. A cikin waɗannan farantin ne ya fi ƙarko, domin babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma masu ƙera na ƙwarai sukan ba da garanti na shekara 25. Arewa kuma Allah ya hore mata rana: a Sakkwato da Yobe da Borno kowace murabba'in mita tana samun kusan kilowat 6 na awa a yini, yayin da a bakin teku abin ke tsayawa wajen 4. Farantin wat 400 da aka kafa daidai zai iya ba da kilowat ɗaya da rabi na awa ko fiye a yini guda bayan an cire asarar da ake yi a waya da inbata.

Sai dai akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa tsananin zafi shi ne ƙarfin sola. Farantin haske yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfinsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa yakan rasa wajen kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, farantin da aka manna wa kwano babu sararin shan iska yana iya kaiwa digiri 60 ko fiye, ya yi asarar fiye da kashi goma na ƙarfinsa a daidai lokacin da gida ya fi bukatar fanka. Da hunturu kuma hazo ne ke tare hasken tun daga sama, ƙura ta kwanta a kan gilashin. Na taɓa ganin wani mai cajin waya a unguwarmu yana tura yaronsa kan rumfa kowace asuba da tsumma da buta. Yaron yakan fara da rubuta sunansa da yatsa a kan ƙurar kafin ya goge, kuma maigidan ya ce ranar da aka yi fashin gogewar, wayoyin la'asar ba sa cika. Wannan aikin na minti biyar yana daga cikin abubuwan da masu haɗawa ba su cika gaya wa mai saye ba.

Babbar maganar tana wajen batir. Rana tana ba da wuta daga hantsi zuwa la'asar, alhali bukatar gida tana tashi ne daga magariba zuwa asuba, lokacin da kowa ya dawo, aka kunna ƙwayaye da talabijin, aka kwanta da fanka. Duk wutar da za a sha bayan faɗuwar rana sai an ajiye ta tun da rana, kuma ma'ajiyar ita ce mai tsada, ita ce kuma mai saurin mutuwa. A ɗauki babban batirin ruwa da aka fi sani a kasuwa, wanda ake ce wa tubula, mai lamba 200 da bolt 12. A lissafi yana ɗauke da kilowat 2.4 na awa. Amma batirin dalma irin wannan ba ya son a zuƙe shi. Idan ana so ya daɗe, rabi kawai ya kamata a sha, wato kilowat 1.2 na awa. To, fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 70. Fanka uku na awa takwas sun ci kilowat 1.68 na awa, sun wuce abin da batir ɗaya zai iya bayarwa cikin lafiya, tun ba a yi maganar firiji ba. Dutsen guga kuwa shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, kamar fanka goma sha huɗu a lokaci guda.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Wanda ya haɗa mini, da na kira shi, bai tambaye ni abin da zan kunna ba, abin da ya tambaya shi ne, "Alhaji, nawa ne a hannunka?" Da na gaya masa sai ya yanka kayan daidai kuɗin: inbata babba mai kyan gani, batir biyu, faranti biyu. Ya ce za ta ɗauki komai. Ta kuwa ɗauka, na wata shida. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne farantan biyu ba sa iya cika batiran a yini guda idan firiji yana ja tun safe, don haka kullum suna kwana da yunwa, su wayi gari ba su ƙoshi ba. Batirin dalma da ba ya cika yakan yi wani farin gishiri a faifan cikinsa wanda ba ya narkewa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Da farko inbata takan fara kuka da ƙarfe huɗu na asuba, sai ta dawo ƙarfe biyu, daga baya kafin a gama kallon labaran tara ta ɗauke. Shekara ɗaya da 'yan watanni batiran suka yi. Laifin rabi nasa ne, rabi nawa, domin ni ma araha na nema, kuma araha ba ta ado. Da ya rage girman inbatar ya ƙara faranti biyu, da kuɗin bai canja sosai ba, batiran kuma da sun ninka kwanansu.

Batirin litiyam, musamman irin wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, ya canja wannan lissafi. Ana iya shan kashi 80 ko 90 na abin da ke cikinsa ba tare da an cutar da shi ba, yana jure caji da saukewa sau dubbai inda na dalma ke yin ɗaruruwa ko dubu da 'yan kai, ba a zuba masa ruwa, ba ya fitar da tururi a ɗaki. Idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, ya fi tubula sauƙi. Matsalar ita ce kuɗin gaba ɗaya ake biya, rana ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai hali ya sayi litiyam sau ɗaya ya manta, marar hali ya sayi tubula, ko ma na hannu da aka sake wa kwali, ya sake saye bayan shekara biyu, ya sake bayan wasu biyun, har a ƙarshe ya biya fiye da mai halin a kan wuta mafi ƙaranci. Kasuwar litiyam ɗin ma ba ta tsira daga algus ba, domin akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin da aka cire daga wasu na'urori, a rubuta musu lambar da ba su kai ba, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa sai bayan ya kai gida.

Wannan ne ya sa waɗanda suka fi cin ribar sola su ne masu aikin rana, waɗanda ba sa bukatar ajiya ko kaɗan, ko kuma suke ajiye wani abu da ya fi wuta sauƙin ajiyewa. Rijiyar burtsatse mai sola ba ta bukatar batir: famfo ya yi ta tura ruwa sama muddin akwai rana, tankin shi ne ma'ajiyar, da dare nauyin ruwan ya sauko da shi. Mai ƙanƙara da ya daskarar da ita da rana ya ajiye sanyi ne a madadin wuta. Manomin rani a fadamun Haɗejiya ko a Kadawa, wanda a da yake zuba fetur a injin ban ruwa kowace safiya, idan ya samu faranti da famfon da ya dace, ya rabu da wannan kashe kuɗin na kullum, kuma lokacin da shuka ta fi ƙishirwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. A ganina duk wani tallafi ko bashi mai sauƙi da gwamnati za ta bayar, nan ya kamata ya fara sauka, domin nan ne naira ɗaya ke haifar da abinci da aikin yi. Sai dai a nan ma akwai abin lura: lokacin da kowace lita ta ruwa take da farashin fetur, manomi yakan kashe inji da zarar gona ta sha, yanzu da jan ruwan ya zama kyauta, babu abin da zai sa ya kashe, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba teku ba ne.

Darasin da ke biye shi ne cewa wutar da ta fi kowace sauƙi ita ce wadda ba a bukace ta ba. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa. Fankar da aka ƙera don sola tana cin ƙasa da rabin abin da ta gargajiya ke ci. Gidan da ya fara da canja waɗannan, ya mayar da guga da tura ruwa da daskarar da firiji zuwa tsakar rana, zai iya rage girman batirin da yake bukata da rabi. Har ginin ma yana da hannu a ciki, domin ɗakin ƙasa mai kaurin bango da azara ba ya neman fanka kamar ɗakin bulo mai kwano babu silin da rana ta gasa tun safe.

A mataki na ƙasa matsalar iri ɗaya ce, girma ne ya bambanta. Nijeriya tana da tashoshin da a takarda za su iya ba da wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. A 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya rattaba hannu da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, yawancinsu a Arewa. An yi ta jayayya a kan farashi da kuma wanda zai tsaya wa biyan kuɗin idan kamfanonin rarraba wuta suka gaza, har shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Abin da ya tabbata ƙanana ne: tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da tashar megawat 10 ta Kumbotso kusa da rukunin masana'antun Challawa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. A Nijar kuwa, lokacin da Nijeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, alhali kusan kashi 70 na wutarta daga nan take zuwa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a wannan shekarar ta rage wa Yamai raɗaɗi da rana, amma da dare injinan dizal ne suka ci gaba da ɗaukar nauyin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Nijeriya ta riga ta mallaki manyan ma'ajiyoyi, yawancinsu tun kafin batirin litiyam ya shigo kasuwa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 mai megawat 760, da Shiroro mai 600, da Jebba, da sabuwar Zungeru mai 700, tankuna ne irin na rijiyar burtsatse, sai dai girmansu ya kai tafki. Da akwai sola mai yawa a kan babban layi, da sai a rage sakin ruwa da rana a tara shi, a buɗe da magariba lokacin da bukata ta tashi. Kuma da rani, lokacin da ruwan madatsun ke ja baya, shi ne lokacin da sararin sama ya fi washewa. Abin da ke hana wannan haɗin shi ne raunin layukan dakon wutar da kuma bashin da ya dabaibaye harkar, kuma lamarin Oktoban 2024 ya nuna haɗarin da ke cikin rataya yanki guda a kan layi ɗaya ko biyu da suka ratsa dazukan da babu tsaro. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen wannan shekarar don shirin DARES na ƙananan tashoshin ƙauyuka da solar gidaje, da nufin kaiwa ga mutum miliyan 17.5. Ƙaramar tasha ta gari guda tana da wata fa'ida da solar gida ɗaya ba ta da ita: batir ɗaya babba da ƙwararre ke kula da shi ya fi ƙanana ɗari da kowa ke kashewa a ɗakinsa, kuma talaka yana biyan abin da ya sha ne kaɗan-kaɗan maimakon ya nemo kuɗin kaya gaba ɗaya.

Saura maganar tsafta, wadda da sunanta ake tallar abin. Gaskiya ne farantin ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, kuma ba a taɓa jin ya kashe iyali a cikin barci ba kamar yadda hayaƙin janareta yake yi idan aka shigar da shi cikin gida don tsoron ɓarayi. Amma batirin tubula ɗaya yana da nauyin wajen kilo 60, kuma fiye da rabin wannan nauyi dalma ce. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara aƙalla 400 ne suka mutu saboda ƙurar dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje, waɗanda suka rayu kuma da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Ana iya narkar da ita a sake yin sabon batir kusan gaba ɗaya, shi ya sa mataccen batir yake da kuɗi, amma idan aka fasa shi da gatari a fili, aka narkar a tanderun da ba shi da matatar hayaƙi, ƙurar takan sauka a kan ƙasa da abinci da hannun yara. Garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narkar da batir suka taru, ya sha fitowa a rahotannin 'yan jarida saboda yawan dalmar da aka samu a ƙasarsa da jinin mazaunansa. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu shigowa da masu ƙerawa alhakin abin da ya mutu a hannun jama'a, sai dai tsakanin takardar da lungun unguwa akwai tafiya. Litiyam kuma nasa ƙalubalen daban ne: irin da ake sa wa a gidaje ba shi da wani ƙarfe mai tsada da zai sa ɗan gwangwan ya bi shi, don haka idan ya mutu babu mai nemansa, kuma idan aka huda shi ko aka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta yana iya kamawa.

Hanyar tattara batirin dalma kuwa tana nan tuntuni, ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Ranar da na yanke shawarar rabuwa da matattun batirana biyu, ban yi awa guda da faɗa ba sai ga wani saurayi da baro da sikeli. Muka yi ciniki a kan kilo. Kafin ya ɗora su sai ya kwance murafen, ya karkata su ɗaya bayan ɗaya a bakin kwatar ƙofar gida, ruwan batirin ya gangara yana kumfa a kan siminti. Na ce, "Malam, me ya sa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ba a sayensa, nauyi kawai yake ƙara mini." Hannunsa babu safa, kuma bayan ya tura baron ya tafi, a wannan kwatar ce yaran maƙwabta suka dawo neman ƙwallonsu da la'asar.